Cingam ba ya shekara 7 a ciki, mu daina tsoratar da yara

Jiya da yamma 'yar ƙanina ta shigo ɗakina idonta cike da hawaye, ta dafe ciki da hannu biyu. Shekararta 8. Na tambaye ta abin da ya same ta, ta yi ta noƙe-noƙe, da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Goggo, na haɗiyi cingam tun shekaranjiya, kuma an ce zai manne mini a hanji har shekara 7." Kwana biyu cur yarinyar nan tana ɗauke da fargaba ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba don gudun faɗa. Na jawo ta jikina na ce, "Share hawayenki 'yata, ina kyautata zaton ma ya riga ya fita." Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu, domin mu manya ne muke shuka wannan tsoro da bakinmu.

Bari mu fara da abin da cingam ya ƙunsa. Akwai zaƙi, akwai ƙamshi, akwai sinadaran da ke sa shi laushi, duk waɗannan suna narkewa a yawu tun ana cikin tauna. Abin da ke saura a baki bayan zaƙin ya tafi shi ne danƙon. A da, daga jikin bishiyar sapodila ta Meziko da Amurka ta Tsakiya ake tatso shi, al'ummar Maya ma sun daɗe suna taunarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawancin kamfanoni suka koma haɗa shi a masana'anta daga dangin roba da kaki. Gaskiya ne ruwan ciki ba ya iya narkar da wannan danƙo, kuma daga nan ne tatsuniyar ta samo ƙafa. Sai dai abu ya ƙi narkewa daban, ya ƙi fita daban. Hanji a kullum matsawa yake yi yana tura abin da ke cikinsa gaba, bangonsa kuma jiƙe yake da santsi. Duk wanda ya taɓa tauna cingam ya san yana manne wa gashi da tufafi da tafin takalmi, amma ba ya manne wa harshe, saboda harshe a jiƙe yake. Haka abin yake a hanji. Yadda ƙwallon 'ya'yan itace ƙanana ke wucewa ba tare da sun narke ba, haka shi ma yake bin bayan gida ya fita, galibi cikin kwana 1 zuwa 3.

Na kuma ji masu cewa haɗiye shi ma yana da amfani, wai yana wanke ciki. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Danƙon ba abinci ba ne, babu abin da jiki ke tsinta a cikinsa. Ɗan amfanin da cingam yake da shi a tauna yake: marar sukari idan aka tauna kamar minti 20 bayan cin abinci yana ƙara yawu, yawun kuma yana rage tsamin da ke cin haƙori. Da an gama, a naɗe shi a takarda a jefa kwandon shara.

Inda nake so iyaye su tsaya su saurara shi ne nan, domin akwai haɗari na gaske wanda labarin shekara 7 ya rufe mana ido a kansa. A shekarar 1998 wasu likitocin yara a Amurka suka wallafa rahoto a mujallar Pediatrics game da yara 3 da cingam ya toshe wa hanya. Biyu daga cikinsu 'yan shekara 4 da rabi ne, sun mayar da haɗiyar cingam ɗabi'a, ga maƙarƙashiya ta daɗe tana damunsu, har danƙon ya taru ya zama curi, sai da likitoci suka ciro shi. Ta ukun 'yar shekara 1 da rabi ce, ta haɗiye shi tare da sulalla 4, suka dunƙule suka tsaya mata a hanyar abinci. Ku lura, babu ko ɗaya a cikinsu da ya shiga wannan hali don ya haɗiyi cingam guda ɗaya shi kaɗai. Yawa ne da maimaici, ko haɗa shi da wani abu mai tauri.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne shaƙewa. Ƙaramin yaro yana tauna yana gudu yana dariya, cingam ya bi hanyar numfashi, cikin 'yan mintuna magana ta zama wata. Shi ya sa a ra'ayina ɗan ƙasa da shekara 5 ba shi da haɗi da cingam, komai kukan da zai yi. Manya kuma masu tauna marar sukari fakiti-fakiti, sinadarin zaƙi mai suna sobitol da ke cikinsa kan kumbura ciki ya saki gudawa, ko an haɗiyi danƙon ko an tofar.

Idan yaro ya haɗiye guda ɗaya, kada a cusa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa maganin wankin ciki. A ba shi ruwa, ya ci abincinsa yadda ya saba. Amma in ya fara amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko cikin ya kumbura bayan gida ya ƙi zuwa, to asibiti kai tsaye, kuma a gaya wa likita gaskiyar yawan da yake haɗiya. Yaron da aka razana da shekara 7 ba zai taɓa ba ka wannan gaskiyar ba, ɓoyewa zai yi kamar yadda tawa ta yi.

Da hankalinta ya kwanta, sai take ce mini ai takan gutsura wa ƙaninta ɗan shekara 3 idan ya yi mata naci. Nan ne gabana ya faɗi. Na riƙe hannunta muka tafi wajen mahaifiyarsu a daren, na ce daga yau kada cingam ya sake kusantar bakin yaron nan.