Ni da Karon Ɗakina

Da magini ya ce jaka sittin ne kuɗin aikin shimfiɗa karo, wato tayil, a kan daɓen simintin ɗakina, ban da kuɗin kaya, sai na yi masa godiya cikin mutunci na sallame shi, domin na riga na kalli wani bidiyo a waya inda wani Bature ya gama irin wannan aiki yana murmushi, ko rigarsa ba ta ɓaci ba. Ɗakin mita 4 ne a kan mita 3, karon kuma mai santimita 40 ne kowane gefe, saboda haka lissafi ya ba ni guda 75 daidai. Mai shago a wajen kasuwar Dole ya ba ni shawarar in ƙara kwali guda saboda fashewa, amma na gane dabarar 'yan kasuwa ce, na ƙi.

Abin da bidiyon bai yi la'akari da shi ba shi ne Damagaram. Baturen yana da tiyo mai zubar da ruwa ba dare ba rana, mu kuwa a Garin Malam famfonmu ya daɗe da yin shiru, sai abin da mai garuwa ya kawo. Aikin kuma yana buƙatar a jiƙa karon, a jiƙa daɓen, sannan a kwaɓa siminti da yashi. Uwargida ta same ni ina tsoma karo a cikin randar girki, ta tsaya ta dube ni da kyau, sannan ta ce, "Maigida, su ma za su ci tuwon ne?"

Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kwaɓin yana bushewa kafin in daidaita karo ɗaya. Tsohon daɓen kuma ya gangara wajen ƙurya, don haka na yi ta ƙara kaurin kwaɓi a can, daga baya na ƙara a ko'ina domin kada wani ɓangare ya fi wani. Da na isa jikin bango na tarar ba a miƙe yake ba, dole sai an yanka layin ƙarshe, ni kuwa guduma ce kawai injina. A nan lissafin 75 ya watse.

Saboda yara da akuyar maƙwabci, na rufe ƙofar ƙarfen tun da safe, na ci gaba da aiki daga ciki har na shimfiɗa layin bakinta. Ƙofar ciki take buɗewa, daɓen kuwa ya tashi da kusan yatsa uku. Na ja, ta ƙi. Tagar kuma tana da sandunan ƙarfe, waɗanda ni da kaina na nace a saka saboda ɓarayi. Ta tsakaninsu aka miƙo mini tuwon dare.

Washegari magini ya zo da mai walda, aka yanke gindin ƙofar. Ya shiga da sallama, ya ciro makulli yana ƙwanƙwasa karon ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana amsawa kamar kalangu, alamar simintin bai kama shi ba. Na tambaye shi ko jaka sittin ɗin tana nan.

"Tana nan, Malam," in ji shi, "amma ɓamɓarewa jaka ashirin ce."