Ina ungulayen Kano suka tafi?

Jiya 'yata ta zo mini da littafin makaranta, ta nuna hoton ungulu ta ce, "Baba, wannan wane tsuntsu ne?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Yarinyar da aka haifa a tsakiyar Kano ba ta taɓa ganin ungulu ba! Mu kuwa mun tashi muna ganinsu jingim a Abbatuwa, suna tsalle a bayan mahauta, ko kora ba sa ji.

Na san wani zai ce masu tsubbu ne suka ƙarar da su. Akwai wannan, ana kama su ana sayar da kai da ƙafafu, kuma tun 2015 aka sa ungulun namu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Amma ko ba a kama ta ba, a ina za ta yi sheƙa? Doguwar bishiya take so, rimi ko kuka ko tsamiya. Kullum muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, alhali tsamiyar mun sare ta mun yanka fuloti.

Ku duba sunayen unguwanninmu: Kurna, Giginyu, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka. Bishiyoyi ne suka ba su suna. Yau sai ka yi layi uku a wasu sababbin unguwanni ba ka sami inuwar da za ka tsaya ka gyara takalmi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne don ƙasar gini, sai suka zama matattarar ruwan sama. A na bayan gidanmu na koyi kama tarwaɗa. Da damina kukan kwaɗi ba ya barinmu barci, da yamma belbelu su yi wa bishiyar bakin ruwan fari fat, shamuwa kuma idan ta sauka tsofaffi su ce a gyara fartanya, ruwa ya kusa. Da shara aka fara cike kududdufin, sannan tifa ta kawo ƙasa, yanzu shaguna ne a jere. Kwaɗin sun tafi, amma ruwan bai fasa zuwa ba. Duk Agusta cikin ɗakunan mutane yake kwana. Ita ma Jakara, ƙoramar da aka san Kano da ita tun asali, ta koma hanyar ruwan kwata.

Ba na adawa da gini, ni ma haya nake biya kuma ina neman fili. Mutane na ƙaruwa, dole su sami wurin kwana. Roƙona ga hukumar tsara birni da masu unguwanni shi ne a ƙirga kududdufan da suka rage a hana taɓa su, kuma duk mai yanka filaye a tilasta masa barin manyan bishiyoyin da ya tarar.

Na yi wa 'yata alkawarin kai ta ƙauyenmu idan an yi hutu. Akwai wata tsohuwar kuka a bakin kasuwa, ina fatan mu tarar da ko da ungulu ɗaya a kanta.