Ranar da muka kawo Mata

Tun ina yaro a nan Tawa na ɗauki Manchester United na aza bisa kai, alhali ba wanda ya aike ni. Ƙungiyar nan ta sha ba ni ciwon kai, amma na watan Janairun 2014 daban ne, don saura ƙiris ya raba ni da uwar ƴaƴana.

Duk mai bin ƙwallo ya san halin da muke ciki a lokacin. Kocinmu, tsoho Ferguson, ya ajiye aiki, ya bar mu hannun sabon koci Moyes kamar marayu hannun kishiyar uwa. Swansea ta zo har gida ta fidda mu daga kofin FA. Ranar 19 ga wata Chelsea ta yi mana uku da ɗaya, ukun nan kuwa duk Eto'o ya zura su, mutumin da muke ta ce ma tsoho. Bayan kwana uku Sunderland ta kore mu daga wani kofin da bugun fenariti. A fadarmu ta shayi da ke Bilbis na zama abin nishaɗi. In an zo shayi na uku, wanda ba komai cikinsa sai ruwa da sukari, sai ka ji an ce, "A miƙa ma Mushe, shi ya saba da na ƙarshe." Mushe ni ke nan, haka ake kiran malamin makaranta a nan.

Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za mu sayi Juan Mata daga Chelsea. Daren Alhamis wani abokina da ke ci-rani a Abijan, shi ma ɗan wahala irina, ya kira ni. Layi ba kyau, sai na fito tsakar gida cikin hunturu, na tsaya jikin bangon madafa inda waya ta fi kamawa, na buɗe murya.

"Wallahi an gama magana! Jibi Asabar za mu kawo Mata. Kuɗi? Ai an biya, ba a taɓa kashe irinsu ba a gidan nan. Shekara 25 kacal. Farar fata, ba tsawo, amma akwai iya taku. Kai ma ka sani, abin da muke da shi a gida ya gaji, ba ya tsinana komai. Kai dai bari Asabar ta yi ka ga yadda gida zai yi haske!"

Na ji motsin ludayi ya tsaya a madafa, amma ban kawo komai a raina ba. Tuwon daren nan aka dire mini shi kamar an jefo daga kan bango, miyar kuwa barkono ne zalla da ɗan ruwa. Na ci ina hawaye ina murmushi, don zuciyata tana Ingila.

Washegari na dawo daga lekol na tarar da ƙofa garƙame. Maƙwabciyarmu ta miƙo mini mabuɗi ta saman zana, ko kallona ba ta yi ba. "Ta tafi Badagishiri da yara. Allah ya sanya alheri, Mushe. Sai mun zo ganin amarya." Na tsaya ina tunanin wace amarya aka yi a unguwa ban sani ba. Sai bayan sallar Juma'a, da dattijai uku suka riƙe mini hannu ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ɗaya har da raɗa mini cewa in riƙe adalci wajen rabon kwana, sannan maganar daren jiya ta dawo mini kalma bayan kalma. Na maimaita ta a raina da kunnen mace. Gumi ya karyo mini cikin sanyin Janairu.

Ranar Asabar 25 ga wata, Mata ya sauka filin atisayen Manchester cikin jirgi mai saukar ungulu, bayan an biya fam miliyan 37 da ɗoriya, wajen miliyar 30 na sefa ke nan. A wannan ranar ni kuma ina matse a bayan motar haya tsakanin buhun albasa da wani bunsuru mai warin tsiya, da ƙullin goro da sukari a cinya, na nufi biko.

Surukina dattijon Adar ne na gaske. Wasansa kokowa, ita ma sai in ana neman takobi. A ƙwallo mutum ɗaya ya sani duk duniya, Musa Ma'azu na Nijar, saboda ƙwallon da ya ci Masar a Yamai a 2010. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a zaure. Muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Can ya gyara zama.

"Mushe, aure ba laihi ba ne, addini ya ba ka. Amma ka tsaya tsakar gida ka shaida ma duniya ɗiyata ta gaji? Ba ta tsinana komi?"

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Abin da ya fito bakina shi ne, "Baba, ai Mata namiji ne."

Zaure ya yi tsit. Har kazar da ke tono a bakin ƙofa ta ɗaga kai.

"Mi kac ce?"

"Namiji ne, Baba. Har da ɗan gemunsa."

Tsoho ya ja tabarmarsa baya kaɗan, ya yi a'uziyya da ƙarfi. Nan na gane na fita daga rami na faɗa rijiya. Na hau bayani ba numfashi: ɗan ƙwallo ne, mutumin Sifen, sunan gidansu ke nan, da shi aka ci kofin duniya a 2010. Don in nuna masa irin waɗannan sunaye sun cika ƙwallo, sai na ce akwai ma wani ɗan Barazil, Kaka, wanda aka zaɓa gwarzon duniya a 2007.

"Kakan wa?"

"Ba kakan kowa ba ne, Baba, shekararsa 31. Ricardo ne sunansa na yanka. Ƙanensa ne bakinsa bai iya faɗi ba suna yara, sai ya riƙa cewa Kaka, sunan ya bi shi."

Daga bayan zana sai wata murya ta ce, "Wa ka kirana?" Kakar matata ce, ashe tun ɗazu tana laɓe.

Da mai hankali ne da ya yi shiru a nan. Ni kuwa, halin malamin makaranta, misali biyu ba su isa ba sai na uku. Na ce a Atletico Madrid ma akwai wani yaro ana ce masa Koke.

Baba ya ƙirga da yatsu. "Mata. Kaka. Koke. Yaro, wanga hilin ƙwallo ne ko zauren alƙali?"

Shaida ɗaya gare ni a garin, ƙanen matata, ɗan kwaleji kuma ɗan Chelsea na mutuwa. Aka kira shi. Na dube shi kamar mai nutsewa ya ga igiya. Yaron nan ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ni ban san wani Mata ba. Eto'o na sani." Ya ɗan ɗago ya dube ni, ya miƙe yatsu uku a kan gwiwarsa. Ashe haushin mun ɗauke masu ɗan wasa yake ji, wanda sau biyu a jere aka zaɓa gwarzon ƙungiyarsu. Sai da na nemi izinin kama ruwa, na ja shi bayan rumbu, jaka biyu ta fita daga aljihuna ta shiga nasa, sannan ya tuna. Ya shiga ɗaki ya fito da shuɗiyar riga, ya shimfiɗa ta gaban Baba. A bayanta an rubuta MATA da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma lamba 10.

Uwargida ta leƙo, ita aka sa ta karanta. Baba ya riƙe haɓa.

"Mata goma?"

Na yi maza na ce, "Lamba ce kawai, Baba. Mu ma an ce takwas za mu ba shi."

"Takwas ɗin ma ta yi yawa. Huɗu addini ya ce."

Kakar ce ta fara fashewa da dariya, sai surukata daga cikin ɗaki, sai duk gidan. Tsohuwa ta fito tana dogara sanda ta ce ita dama ta sani, angonta ba zai yi mata haka ba, ita kaɗai ce kishiya a gidana kuma ba ta shirya karɓar ta uku ba. Daga nan ta miƙo hannu a ba ta kuɗin goro. Uwargida ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yarda Mata namiji ne, amma "abin da ke gida ya gaji" ɗin nan ba ta ga an rubuta shi bayan riga ba. Turmin atamfa biyu suka wanke wannan magana.

Hasken da na yi ma gida alkawari kuwa bai zo ba. Aka kori Moyes a watan Afrilu, muka gama kaka a matsayi na bakwai. Ga wata kakar kuma, wadda ba ta laɓe bayan zana.

Tun daga lokacin nake auna sunan ɗan ƙwallo kafin in furta. Da Manchester City ta sayi Leroy Sane a 2016, ko da wasa ban taɓa ambatonsa a kasuwar Lahadi ba, don in ka ce "Ga Sane nan!" cikin cunkoso, kafin ka yi bayani an fasa ma wani bawan Allah baki. Na Leicester ɗin nan ma, Drinkwater, wanda sunansa ke nufin sha ruwa, cikin azumi sai bayan magariba nake kiransa.

A 2022 kwantiragin Mata ya ƙare, ya kama hanyar Turkiyya. Na shigo gida na tarar da uwargida tana kwashe tuwo, na ce mata, "Kishiyarki dai ta tafi."

"Allah raka taki gona," in ji ta. "To wa za ku kawo yanzu? Faɗa mini tun da wuri."

Na ce, "Wani ne daga Real Madrid, Kasemiro."

Ta aje mara a hankali, ta juyo.

"Wace Mairo?"