Shekara huɗu a ajin Japananci ba ta kai ɗalibi matakin N2, kuma ba laifin malami ba ne

Duk ɗalibin sakandare da ya ɗauki Japananci a Amurka ko Ostireliya, rana ɗaya zai tambayi malaminsa: "Idan na gama, a wane mataki nake a JLPT?" Yana da hujjar tambaya, domin takardar JLPT, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Japananci, ita jami'o'i da kamfanonin Japan suka sani. Sai dai amsar ba ta da daɗin ji, kuma ina ganin makarantu sun daɗe suna kewaya ta.

An fara wannan jarrabawa a 1984, a 2010 aka mayar da ita matakai biyar, daga N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru. Maki 180 ne gaba ɗaya. Mai son N4 sai ya samu 90, mai son N1 sai 100, kuma wanda ya faɗi sashe ɗaya ya faɗi duka.

To mu auna. Ɗalibin Amurka yana zuwa makaranta kwana 180 a shekara. Darasin minti 50 kullum ya kama awa 150, shekara huɗu awa 600 ke nan. Cibiyar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna kuwa ta ƙiyasta awa 2,200 a aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Japananci, kuma su manya ne da ba su da wani aiki sai wannan. Ta yaya yaron da ke fama da lissafi da kimiyya zai kamo su? A lissafina, ɗalibi mai ƙwazo zai tsaya a N4, in ya haɗa da karatun gida ya taɓo N3.

Inda gizo ke saƙa shi ne kanji, haruffan da Japan ta aro daga Sin. Jerin da gwamnatin Japan ta amince da shi don amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136. Jarrabawar AP ta Japananci, wato jarrabawa mai matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, wadda ɗaliban Amurka suka fara zama a 2007, tana neman 410 kawai. Kuma sanin harafi ba a zama ɗaya yake ƙarewa ba. Ɗauki 生. A kalmar "sensei", wato malami, ana karanta shi "sei". A kan ɗanyen kifi ya koma "nama". A "ikiru", rayuwa, ya zama "i", a "umareru", haihuwa, ya zama "u". Harafi ɗaya, murya huɗu, kuma ba su ƙare ba. Yaro ya san shi sarai a allo, ya gamu da shi a jarida ya yi turus.

Amma kada a ce karatun ajin banza ne. JLPT ba ta sa kowa ya buɗe baki, ba ta sa a rubuta jimla ko ɗaya. Canki-canka ce daga farko har ƙarshe: kalmomi, nahawu, karatu da sauraro. A AP kuwa ɗalibi yana magana a naɗa muryarsa, yana kuma rubutu a kwamfuta. Shi ya sa za ka samu mai N2 da ke in'ina wajen sayen tikitin jirgin ƙasa, ga ɗan sakandare da bai wuce N4 ba yana hira da baƙo ba gargada. Mudu biyu ne, kowanne da abin da yake aunawa.

Saboda haka ba na tare da masu cewa a mayar da aji wurin haddar tambayoyin JLPT. In aka yi haka, magana ce za ta fara mutuwa, ita ce kuwa abin da aji ya fi kowane littafi iya bayarwa.

Abin da nake nema daga makarantu gaskiya ce tun ranar farko. A gaya wa yaro cewa N4 ba ƙaramin abu ba ne, da ita ake cika sharaɗin harshe na bizar ma'aikata masu sana'a da Japan ta buɗe a 2019. A kuma gaya masa cewa likitan da ya yi karatu a waje sai ya nuna N1 kafin ya zauna jarrabawar lasisi a Japan. Mai wannan buri ya san tun yana aji ɗaya cewa sauran awannin daga lokacinsa na gida za su fito.