Ginin da aka zana Scooby-Doo a ciki bai cancanci katafila ba

A lamba 3400 ta titin Cahuenga, a birnin Los Angeles na Amurka, akwai wani gini da mai wucewa a mota ba lallai ya waiwaya ba. Arthur Froehlich ne ya tsara shi, mutumin da aka fi sani da gina filayen sukuwar dawaki, kuma a 1963 kamfanin Hanna-Barbera mai shirya finafinan zane (katun) ya tare a ciki. Gini ne shimfiɗaɗɗe irin na zamaninsa, gabansa lulluɓe da siminti mai huji-huji da ke tare rana. Nan masu zane suka duƙufa suka fitar da Scooby-Doo a 1969. Duk wanda ya taso yana leƙen talabijin ɗin maƙwabta ta taga ya san karen nan matsoraci. Kyanwa da ɓeran da muka fi so kuwa, wato Tom da Jerry, William Hanna da Joseph Barbera sun ƙirƙire su ne tun 1940 a kamfanin MGM, kafin su kafa nasu a 1957.

A 1997 aka nemi birnin ya sa ginin cikin jerin wuraren tarihi, aka ƙi. Shekara ta zagayo ma'aikata suka kwashe zuwa Sherman Oaks, ƙarƙashin Warner Bros., aka bar shi kango, masu kuɗi suka fara lissafin fili.

A ganina kuskuren 1997 kuskuren ma'auni ne. An dubi gini ɗan shekara 34 aka ga yaro. To ai wannan ne shekarun da gini ya fi shiga haɗari: ya daina burge mutane da sabunta, kuma furfurar da za ta sa a girmama shi ba ta fito ba. In kowane gini sai ya kai ɗari kafin a kare shi, wanne ne zai rayu ya kai? Mu ma nan mun ga yadda tsofaffin gidajen sinima suka koma shaguna ba wanda ya ce uffan.

Masu son rusau ba mahaukata ba ne. Los Angeles na fama da tsadar gidaje, kuma kango ba ya amfanar kowa. Shi ya sa nake ganin sulhun da majalisar birnin ta amince da shi a 2004, bayan matsin lambar ƙungiyar Los Angeles Conservancy mai fafutukar kare tsofaffin gine-gine, ya fi gidan tarihi amfani: a bar tsoffin gine-ginen da fuskarsu, a mayar da cikinsu ofisoshi, a ƙara gidajen haya da shaguna a sauran filin.

Akwai abin da aka rasa, ban musa ba. Teburan zane sun tafi, warin fenti ya gushe, yau har wurin motsa jiki akwai a harabar. Hanna ya rasu a 2001, bai ga yadda ta kaya ba. Barbera ya gani, ya bi shi a 2006.