Ɗalibin da ba ya addini a jami'ar Katolika

A gida, da an ce makaranta ta mishan ce, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne za a tilasta wa yaro shiga coci. Ba na ganin laifin masu wannan tunani. Tun da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a Najeriya a 1999, da yawansu na ƙungiyoyin addini ne, kuma a wasunsu halartar ibada doka ce, ana ɗaukar suna, wanda ya yi fashi ya amsa tambaya. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai da na zo Amurka na tarar da yaran da ke faɗa da bakinsu cewa ba su bin kowane addini, suna karatu a jami'o'in Katolika hankali kwance.

Akwai irin waɗannan makarantu sama da 200 a ƙasar. A mafi yawansu babu mai tsare ka ya ce ina ka shiga ranar Lahadi. Ƙararrawar coci za ta kaɗa, mai zuwa ya tafi, wanda ba ya zuwa ya ci gaba da barcinsa. Jami'ar Georgetown ta Katolika da ke Washington, wadda aka kafa a 1789, ta ɗauki limamin Musulmi na dindindin, Imam Yahya Hendi, tun 1999.

Inda ba a ɗaga wa kowa ƙafa shi ne aji. A Georgetown, ko lissafi ka zo karantawa sai ka yi kwas biyu na ilimin addini da biyu na falsafa kafin a ba ka digiri. A ajujuwa da yawa na irin waɗannan jami'o'i za ka ga ƙaramin gicciye rataye a saman allo, a ƙarƙashinsa wani fada mai furfura yana koyar da hujjoji biyar da Thomas Aquinas, wani babban malamin Katolika na zamanin da, ya kawo kan samuwar Allah, sannan ya ba da aikin gida a nemo inda hujjojin ke da rauni. Yaron da bai yi imani ba zai rubuta abin da ke ransa, kuma idan hujjarsa ta tsayu ya ci maki fiye da ɗan cocin da ya haddace komai bai fahimta ba. (Shi kansa Aquinas ɗin ya sha karatun Ibn Sina da Ibn Rushd, abin da yawancinmu ba mu taɓa ji ba.)

A ganina wannan dolen ta fi tamu amfani nesa ba kusa ba. Mu muna ƙirga kawunan da suka zauna a ɗakin ibada, alhali yaro zai iya yin shekara huɗu a sahun gaba zuciyarsa na wani wuri, bai taɓa samun wanda zai yi wa tambayar da ke damunsa ba don gudun a ce ya kafirta. Su kuma sun bar masa ibadarsa tsakaninsa da Mahaliccinsa, amma sun hana shi fita da jahilcin abin da yake musu a kai.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Notre Dame da ke Indiana kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai 'yan Katolika ne, ɗakunan kwanan maza daban na mata daban, kowane gini da ɗan cocinsa a ciki. Wanda ba ya addini zai iya jin kaɗaici a can ko da ba wanda ya tsangwame shi. Jami'ar Franciscan da ke Steubenville a Ohio kuwa addini ne ginshiƙin rayuwarta, ban ga abin da zai kai shi can ba. Asibitocin ɗalibai na yawancin jami'o'in Katolika ba sa ba da maganin hana ɗaukar ciki. Takardar da Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika ta nemi a mutunta 'yancin kowa na bin abin da ya yarda da shi, ta kuma nemi wanda ba ɗan Katolika ba ya mutunta aƙidar makarantar. Kowace jami'a da gefen da ta fi karkata a cikin biyun nan, kuma kundin dokokin ɗalibai da jerin kwasa-kwasan dole ne za su nuna maka hakan tun kafin ka cike fom.