Wai noman rake asara ne? Ban yarda ba, ko da a wasan kwamfuta ne

A ɗakin shan shayi na wurin aikinmu abin ya faru, a wani ƙaramin gari kusa da Hildesheim, jihar Niedersachsen ta Jamus. Wani abokin aikina Bajamushe, ɗan manoma, ya hango hoton gonata a wayata. Ba gonar gaske ba ce, ta cikin wasan Farming Simulator 22 ce, wanda nakan zauna a kansa bayan sallar isha. Ya ɗan matso, ya duba, ya ce: "Rake? Ai wanda ya san wasan nan ba ya shuka wannan. Ɓata lokaci ne kawai." Biyu daga cikin waɗanda ke zaune suka gyaɗa kai. Ban tanka ba, na shanye shayina na koma bakin aiki. Yau sati biyu ke nan, maganar ba ta bar ni ba.

Ga wanda bai san wasan ba, wani kamfani ne na ƙasar Suwizalan mai suna Giants Software ke yin sa, tun 2008. A nan Jamus ba a ɗauke shi wasan yara ba. Magidanta ne ke buga shi, har da manoman da suka yini a kan tarakta, su dawo gida su sake hawa wata a allo. Za ka sayi fili, ka yi huɗa, ka shuka, ka zuba taki, ka jira watanni su juya, ka girbe, ka sayar, ka biya bashin banki. Injinan ciki duk na gaske ne, da sunayen kamfanoninsu. Rake bai shigo ba sai a 2017, lokacin da aka yi wa Farming Simulator 17 ƙari da wata gona ta Kudancin Amurka mai suna Estancia Lapacho.

Ba zan zalunci mutumin ba, yana da hujja. Injin sare rake a wasan, irin su Austoft na kamfanin Case IH, tsada gare shi, kuma bakinsa ƙarami ne. Kunya ɗaya ko biyu yake ci a tafiya guda, alhali injin girbin alkama yana share faɗin mita da yawa a wucewa ɗaya. Ba shi da rumbun ajiya a cikinsa, dole tirela ta bi shi. Amfanin kuma yawa gare shi, hekta guda ta rake tana ba da abin da ya ninka na alkama fiye da sau goma a ma'aunin lita, amma kuɗin kowace lita ƙasa yake ƙwarai. Ma'ana, tirela ta cika nan da nan, ka tafi ka juye, ka dawo, ta sake cika. Wanda ke da awa ɗaya kacal da daddare, kuma yake son ya ga kuɗi sun hau, zai gaji. Wannan na amince.

Inda muka rabu shi ne mudun da yake awo da shi.

Sai kun ga yankin nan a watan Oktoba kafin ku gane shi. Su sukarinsu ba daga rake yake fitowa ba. Daga wata farar saiwa ce mai kaurin kan jariri, mai tsini a ƙasa, suna ce mata Zuckerrübe, ni kuwa dankalin sukari nake kiranta. Ana shuka ta wajen Maris zuwa Afrilu, a fara haƙa daga Satumba. Ƙasar wajen Hildesheim baƙa ce, mai nauyi, shimfiɗe kamar tabarma, kana tafiya a mota ba abin da kake gani sai koren ganye har iyakar ido. Injin da ke haƙar ya kai girman ƙaramin gida, kunya shida yake ɗauka lokaci guda, ya fille ganyen, ya tumɓuko saiwar, ya kakkaɓe ƙasar, ya tara a cikinsa. Mutum ɗaya ne a sama cikin ɗakin gilashi mai ɗumi, da allo a gabansa, ko da ƙarfe biyun dare ne fitilunsa sun haske gonar. A bakin hanya sai ka ga an jibge dankalin tsibi guda mai tsawo kamar ganuwa, a lulluɓe shi da wani farin mayafi saboda ƙanƙara. Daga baya wani injin, da suke kira Maus, wato ɓera, ya zo ya riƙa kwasa yana zubawa manyan motoci, su kuma su yi jerin gwano zuwa masana'antar Nordstemmen. Hayaƙin tururinta fari fat yake tashi dare da rana har cikin Janairu, iska kuma ta ɗauko wani wari mai zaƙi-zaƙi haɗe da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk wannan aikin, za ka iya wuce gona goma ba ka ga mutum biyu tsaye tare ba.

Abin nasu da tarihi, ban raina ba. A Berlin ne Andreas Marggraf ya gano sukari a cikin wannan saiwa a 1747, ɗalibinsa Franz Achard ya kafa masana'antar farko a farkon ƙarni na 19. Suna da abin alfahari. Amma har gobe kusan kashi 80 cikin ɗari na sukarin duniya daga rake yake, Barazil na gaba, Indiya na bin ta. Abokin nawa bai taɓa tsayawa a cikin gonar rake ba. Bai san kaifin ganyensa a dantse ba. Shi ya tashi ya ga noma aikin mutum ɗaya ne da ƙaton inji, don haka duk amfanin da bai shiga wannan tsarin ba, a wurinsa asara ne.

To ga abin da bai lissafa ba, a cikin wasan kansa. Rake sau ɗaya ake dasa shi. Ka sare, tushen ya sake tofowa, ka zuba taki ka jira. Dankalin sukarinsa kuwa duk shekara sai ya sake gyaran ƙasa, ya sayi iri, ya fito da injin shuka. Ba kamfanin da ya yi wasan ne ya ƙirƙiri wannan ba, haka rake yake, ku da ke gida ba sai na yi muku bayanin gyauro ba. A manyan gonakin Barazil ma sukan sare gona ɗaya sau biyar ko fiye kafin su sake dashe. Sannan irin ma daga abin da ka sare za ka iya ɗiba ka cika injin dashen. Idan aljihu bai kai ba, akwai hayar injin sara. Kuma tun da Farming Simulator 22 ya fito a Nuwamban 2021 da tsarin sarrafa amfanin gona, ba dole ne ka sayar da ɗanyen rake da arha ba. Ka mallaki injin sukari, ka kai masa, sukarin ya wuce gidan burodi ko wurin yin cakulan. A nan yawan da ake kuka da shi yake zama alheri, domin gona ƙarama ta isa ta riƙe injin ya yi ta aiki. Na gwada shekara huɗu ta cikin wasan a fili ɗaya. Shekarar farko na sha wuya da bashi. Daga ta biyu ban sake taɓa injin dashe ba.

Na san wani zai ce duk da haka, in aka auna da awannin da mutum ya zauna, akwai amfanin da ya fi shi kawo kuɗi. Wataƙila. Amma wa ya ce don tara kuɗin da ba za ka iya kashewa ba ake kunna wasan noma? In sauri ake so, me ya kai mutum gona tun farko?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar "ɓata lokaci". Kawuna ya yi shekara fiye da talatin yana noman rake a fadama, da adda da fartanya, bayansa ya ranƙwafa a kai. Mu da muka yi karatu har muka ƙetaro nan, da wannan raken aka biya wani kaso na kuɗin makarantarmu. Na san Bajamushen ba da Kawu yake ba, bai ma san da shi ba. Amma kunnena bai iya rabewa ba. Da na kira gida a ƙarshen mako na ce, "Kawu, yaya fadama?" sai ya ce ruwa ya yi kyau bana, sai dai hannu ya yi ƙaranci, yara duk sun watse. Ina cikin waɗanda suka watse ɗin.

Daga baya na lura cewa raken wasan ma ba a gina shi don mutum ɗaya ba. Duk wahalar da ake kuka da ita, ta wanda ke aiki shi kaɗai ce. Idan mutum biyu ko uku suka haɗu a gona ɗaya ta intanet, ɗaya na sara, ɗaya na bin sa da tirela, na uku na kai kaya, injin ba ya tsayawa ko na minti ɗaya. A nan garin kuwa samun mutum uku masu lokaci ɗaya sai an duba kalanda an sa rana. Shekarata tara a nan, maƙwabcin da muke bango ɗaya da shi gaisuwar matakala ce kawai tsakaninmu.

Ranar Asabar da ta wuce na zaunar da ɗana mai shekara takwas, wanda a nan aka haife shi, na ba shi taraktar da ke jan tirela, ni na hau injin sara. Da farko ya yi ta kauce wa layi, rake na zuba a ƙasan allo ba ya shiga. Zuwa kunya ta biyar ya kama hannu, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Muna cikin juyawa a ƙarshen gona ya ce, "Abba, na gasken ya fi ni tsawo?" Na ce ya fi ni ma. Ya ce ƙarya ne. Na ɗauko waya na nemi lambar Kawu, na ce gobe da safe in ya shiga fadama ya sa a ɗauke shi hoto a tsakiyar raken ya turo mana.